Shirun Majami'un Ƙasar Maraɗi A Zamanin Soja: Tsoro Ne Ko Dabara?

Kwanakin baya na je gaisuwar mutuwa a wani ƙauye da ke tsakanin Agye da Gazawa. Bayan an shafa fatiha jama'a sun watse, sai muka rage mu kaɗan a gindin dogon yaro muna jiran rana ta yi sanyi kafin mu kama hanya. A cikinmu akwai wani dattijo Kirista, abokin marigayin tun suna kiwon awaki tare, wanda ya kwana uku a gidan yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Hira ta yi hira har ta gangaro kan halin da ƙasa ke ciki, kowa na tofa albarkacin bakinsa game da mulkin soja da na farar hula. Da aka zo kansa, sai ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne, amma abin da ya sani shi ne duk tsawon mulkin Janar Seyni Kunce bai taɓa kwana da fargabar wani zai zo ya cinna wa majami'arsu wuta ba, wannan fargaba sai bayan da aka samu dimokuraɗiyya ya san ta. Ba wanda ya tanka masa. Ni ma ban tanka ba, amma maganar ta biyo ni har gida, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Da farko na ɗauka irin maganar tsofaffi ce, waɗanda kullum jiya ta fi musu yau daɗi. Sai na zauna na ƙirga, na ga tsohon yana da hujja. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar ƙin jinin bikin nuna kayan ƙawa na FIMA, masu zanga-zanga a Maraɗi sun far wa majami'ar Vie Abondante, suka haɗa da mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. A lokacin Tanja Mamadu bai cika shekara guda da hawa mulki ta hanyar zaɓe ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta yi wa Manzon Allah (SAW), an rasa rayuka 10 a Damagaram da Yamai, 'yan sanda kuma suka ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai. Mahamadu Isufu ne ke kan gado, shi ma zaɓaɓɓe. A watan Yuni 2019 aka sake ƙona wata majami'a a unguwar Zariya cikin birnin Maraɗi, bayan an kama wani limami da ya soki dokar tsara harkokin ibada da gwamnati ta kai gaban majalisa. Duka ukun sun faru ne ga kundin tsarin mulki, ga majalisa, ga jam'iyyu, ga gidajen rediyo masu zaman kansu.

To, ke nan soja ne gatan marasa rinjaye? Ni dai amsata ita ce a'a. Amma kafin in kai mai karatu ga wannan amsa, sai mun waiwaya mun ga su wane ne waɗannan mutane, da yadda suka yi zama da masu mulkin kama-karya iri-iri da suka shuɗe a ƙasar nan.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci a Nijar, da 'yan Katolika da 'yan Furotesta duka, ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Abin da ya bambanta na jihar Maraɗi shi ne yawancinsu ba baƙi ba ne daga Benin ko Togo, Hausawa ne 'yan ƙasa, Gobirawa da Katsinawa, waɗanda kakanninsu da namu suka yi noma gona ɗaya. Tushensu ƙungiyar mishan ta SIM ce, wadda ta shigo Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru kuma ta kafa zango a Tsibirin Gobir, da ke cikin gundumar Gidan Rumji a yau. Daga Tsibiri aikin ya bazu zuwa Maraɗi da ƙauyukan gabas, har aka kafa makarantar horar da masu bishara a Agye. A farkon shekarun samun 'yancin kai ne 'yan ƙasa suka kafa ikilisiyarsu, wadda aka sani da EERN.

Darasinsu na farko game da mulkin danniya sun ɗauke shi ne tun a hannun Nasara. Turawan mishan ɗin nan 'yan Amurka ne da Kanada da sauran ƙasashe masu jin Ingilishi, hedikwatarsu kuma tana Jos, cikin ƙasar da Ingila ke mulka. Faransa ba ta taɓa sakin jiki da su ba. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, gwamnan Afirka ta Yamma, Pierre Boisson, ya bi gwamnatin Vichy, aka tsananta tsaron iyakar Nijeriya, aka riƙa kallon 'yan mishan da mabiyansu a matsayin 'yan leƙen asirin Ingila, aka taƙaita musu zirga-zirga. Tun daga nan suka koyi cewa tsira tana ga sunkuyar da kai, da nuna wa kumandan cewa ba ruwansu da siyasa. Koyarwar SIM ita ma ta ƙarfafa wannan: duniya ba wurin zama ba ce, siyasa ƙazanta ce, kuma sura ta 13 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa tana umartar mai bi ya yi wa mahukunta biyayya.

Da wannan guzuri suka shiga zamanin Jori Hamani, da jam'iyya ɗaya tilo ta RDA, da farautar 'yan Sawaba da ta yi tsanani a 1964. Da shi kuma suka shiga zamanin Kunce, wanda ya karɓe mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 ya riƙe har rasuwarsa a Nuwamba 1987. Wanda ya rayu a lokacin ya san yadda abin yake. Ba jam'iyya, ba majalisa, matasa an tara su a Samariya, mata a ƙungiyarsu ta gwamnati, malamai kuma a Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar da aka kafa a 1974. 'Yan rahoto sun cika ko'ina, mutum na tsoron bangon ɗakinsa. Bayan rikicin Maitatsine a Kano a Disamba 1980 aka ƙara sa ido kan masu wa'azi. Zaman lafiyar da dattijon nan yake tunawa gaskiya ne an yi shi, sai dai kowa aka rufe wa baki, da mai son ƙona majami'a da mai son faɗin gaskiya.

A nan ne zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa abokaina Kiristoci daɗi ba. Idan aka lissafa waɗanda suka tsaya gaban bindiga har aka kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991, za a ambaci ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, da ƙungiyar ƙwadago ta USTN, da matan da suka yi maci ranar 13 ga Mayu 1991. Majami'u ba sa cikin wannan sahu. Alhali kuwa a wasu ƙasashe 'yan'uwansu 'yan Furotesta sun biya da jini. A Uganda, babban limamin Angilika Janani Luwum ya kai wa Idi Amin takardar koke kan kashe-kashe, aka kashe shi a Fabrairu 1977. A Habasha, gwamnatin Mengistu ta sace Gudina Tumsa, babban sakataren ikilisiyar Mekane Yesus, ta hallaka shi a Yuli 1979. A Jamus ta Gabas kuwa, daga addu'ar ranar Litinin a majami'ar Nikolai ta birnin Leipzig aka fito, mutum wajen 70,000 suka cika titi ranar 9 ga Oktoba 1989, bayan wata guda katangar Berlin ta faɗi.

Sai dai adalci ya wajaba. Luwum yana magana ne da miliyoyin mabiya a bayansa. Fasto a Gidan Rumji ko Gangara yana da gida goma ko ashirin, a tsakiyar al'ummar da wasu daga cikinta ke kallonsa a matsayin wanda ya bar addinin iyayensa ya bi Nasara. Ran da ya buɗe baki ya soki soja, su-perfe ba ya bukatar harsashi, takardar izinin filin majami'a kawai zai janye, ba kuma wanda zai yi masa zanga-zanga. Mu ma da muke da rinjaye, malamai nawa ne daga cikinmu suka hau mumbari suka ce wa Kunce ya ji tsoron Allah? Idan za a yi shari'ar shiru, layin masu laifi yana da tsawo, ba kuma fasto ne a gaba ba.

Abin da ya fi dacewa a tambaya shi ne, a cikin wannan shiru me suka yi? A nan nake ganin mutane da yawa, har da masu ilimi, ba su san labarin ba.

Abu na farko shi ne karatu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko tun 1932, kuma a wajen 'yan Furotesta ba a cika mai bi ba sai mutum ya iya karanta shi da kansa. Saboda haka a lokacin da lakwal ke koyarwa da Faransanci kaɗai, tana kuma ɗaukar yara 'yan ƙalilan, a ɗan ɗakin sujada na ƙauye ana koya wa manomi da matarsa karatu da rubutu da harshen da suka tashi da shi. Wannan alheri yana da nasa tabo. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi a kan Kiristocin Maraɗi a 2006, ta nuna yadda mishan ɗin ta daɗe tana jan ƙafa wajen ba da ilimin zamani da Faransanci, don gudun kada mabiyanta su bar aikin bishara su bi aikin gwamnati, da yadda su mabiyan suka yi ta ja-in-ja da Turawan a kan haka. Wato ko a cikin gida ba su kasance 'yan amshin shata ba.

Abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi muhimmanci ga zancenmu, shi ne yadda suke tafiyar da kansu. Ikilisiyar Furotesta ba ta da Fafaroma. Jama'ar kowace majami'a su ke fitar da dattawansu, su ke tara baiko ranar Lahadi, a ƙirga a rubuta, a zo a karanta musu inda kuɗin suka shiga. Mata suna da zumuntarsu, da shugabarsu da ma'ajiyarsu, su kai wa mai jego gudummawa, su yi jinyar marar lafiya. Ana taron gunduma, ana taron ƙasa, ana gardama, ana kaɗa ƙuri'a. Mai karatu ya tuna cewa wannan yana gudana ne a ƙasar da daga shugaban Samariya har zuwa gwamnan jiha ba wanda ke hawa kujera sai da yardar na sama. A irin wannan hali, wurin da talaka zai iya ɗaga hannu ya tambayi shugabansa ina kuɗin rufin ɗaki suka tafi, ba ƙaramin abu ba ne, ko da kuwa mutum talatin ne a ciki. Ba na cewa aljanna ce. Da ƙasa ta fara samun sararin numfashi a ƙarshen shekarun 1980, rigimar shugabanci da ta dukiya ta fasa EERN, aka samu UEEPN da kuma ikilisiyar Salama. Ashe su ma tukunyar tana tafasa, murfin soja ne ya danne ta.

Na uku shi ne jinya, wannan kuwa kowa ya sani, ba sai na tsawaita ba. Asibitin Galmi a jihar Tawa tun 1950 yake aiki, asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi tun 1956. Da wuya a samu zuriya a tsakanin Gidan Rumji da Gazawa da ba ta taɓa kai wani nata ɗaya daga cikinsu ba, mafi yawan masu zuwa kuma Musulmi ne.

Amma labarin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne na itatuwa, domin a nan ne aikin 'yan mishan ya taɓa ikon gwamnati kai tsaye, ba tare da an zagi kowa ba.

Tun dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935, wadda dokar Nijar ta watan Maris 1974 ta gada, icce a wajen hukuma ba na manomi ba ne, ko da a tsakiyar gonarsa ya tsiro. Akwai jerin itatuwa masu kariya, gawo na cikinsu, wanda duk ya sare ko ya yi wa sassabe ba izini sai tara. Duk wanda ya girma a karkara ya san yadda gaban mutane ke faɗuwa idan an hango ma'aikacin gandun daji a bisa babur. Me ya biyo baya? Manomi ya gane cewa icce a gona jan magana ne, gara ya kashe shi tun yana tsiro kafin ya girma ya zama na gwamnati. Ga kuma malaman gona da suka daɗe suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share fes, saboda gyaɗa da garmar shanu. Haka gonakin Agye da Tsibiri suka zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau uku ko huɗu a damina ɗaya, mata kuma su yi tafiyar yini neman itacen girki, su dawo da kara da kashin shanu.

Gwamnati ba ta yi kwance ba. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, a watan Mayu 1984 kuma aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a nan Maraɗi. Sai dai dabarar ita ce ta soja: a ba da umarni daga sama, a raba dashe, a ɗauki hoto, akasarin dashen kuma ya mutu kafin damina ta zagayo, don ba na kowa ba ne.

Wani ma'aikacin SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ma da dashen ya fara a farkon shekarun 1980, ya sha kaye. A 1983, ya tsaya a hanya yana rage wa tayar motarsa iska don ya ratsa rairayi, sai ya lura cewa 'yan kumbura-kumburan da ke ko'ina cikin gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone kowace bazara, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi toho mafi ƙarfi guda biyu ko uku a bar su, a datse sauran, a kare su daga dabba da gatari. Kalgo, sabara, magarya, taramniya, gawo, duk suna tashi da sauri fiye da kowane dashe. Wannan shi ne abin da manoma suka raɗa wa suna sassaben zamani. Ba wai kakanninmu ba su san barin icce a gona ba ne, sun sani sarai, doka da tsoro ne suka sa aka watsar.

Manoman farko da suka yarda an yi musu dariya, aka ce gonarsu ta zama ta malalaci. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen yankin suka sa wa suna El-Buhari saboda Janar Buhari ya rufe iyakar Nijeriya a shekarar. Shirin raya karkara na SIM a Maraɗi ya raba hatsi a ƙauyuka wajen 100, bisa sharaɗin mutum ya bar itatuwa a gonarsa, aka kuma samu fahimta da hukumar gandun daji ta sassauta wa waɗannan manoma. Da aka daina rabon hatsi, da yawa sun koma sun sare nasu, ana cewa kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan sun tafi. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci a gero, sun ga itacen girki a ƙofar gida, sun ga abincin dabbobi da rani, maƙwabci kuma ya gani ya kwaikwaya. Daga baya ayyukan asusun FIDA a gundumar Agye suka ɗora a kai, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna da kwamitinsa na tsaron itatuwa, wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, su kafa doka da kansu, su hukunta ɓarawon icce da kansu. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta, da itatuwa kimanin miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Doka ce ta biyo manoma a baya: kundin dokokin karkara na 1993, sabuwar dokar gandun daji ta 2004, da dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙin iccen da ya raina a gonarsa. Shi kuwa Rinaudo an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Waɗannan miliyoyin itatuwa manoma ne suka raina su, kusan dukansu Musulmi, kuma raunin da gwamnati ta yi a shekarun 1990, lokacin da albashi ma ya gagara, ya taimaka wajen sakin wuyan manomi. Amma tartsatsin ya tashi ne daga wata 'yar ƙungiyar addini da ke zaune cikin ƙauyuka shekara da shekaru, tana jin Hausa, ba ta jiran umarni daga Yamai, kuma soja na ganin ba ta da haɗari. Shirun da muke zarginsu da shi, shi ne ya saya musu wannan sarari. Ba su ce mulkin soja haramun ne ba, amma sun taimaka an zare wa hukuma wani iko da ta riƙe shekara hamsin a kan gonar talaka. Ni a wajena wannan ma siyasa ce, ko da masu yin ta sun rantse ba ita suke yi ba.

Na san abin da wasu 'yan'uwana za su ce: duk wannan tarko ne, hatsi da magani ƙugiya ce ta jan mutane zuwa Kiristanci. Ba na musun cewa manufar mishan ita ce yaɗa addininta, su ma ba su taɓa ɓoyewa ba, kuma haɗa taimako da wa'azi a kan mai jin yunwa abu ne da ya cancanci a sa masa ido a ko'ina, ko wane ne ya yi shi. Amma lissafi ba ya ƙarya. Shekara ɗari ana wannan aiki, ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Mutanenmu sun karɓi magani, sun karɓi sassaben zamani, sun riƙe sallarsu. Wanda yake tsoron gida ashirin za su cinye gari, imanin kansa ya kamata ya bincika.

Yanzu mu dawo ga maganar dattijon. Kariyar da soja ya ba su kayan aro ce, Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kunce bai kare majami'a don yana ganin Kirista na da haƙƙi ba, ya kare ta ne don ba ya son kowane irin motsi da ba shi ya kaɗa gangarsa ba. Shekara goma sha uku da ya yi, da shekarun Janar Ali Shaibu bayansa, ba a yi amfani da su wajen koya wa yaro a makarantar allo ko a lakwal cewa maƙwabcinsa mai zuwa sujada ranar Lahadi ɗan ƙasa ne kamarsa ba. An danne ne kawai. Da aka ɗage murfin a 1991, sai komai ya fito lokaci guda: ƙungiyoyin Musulunci barkatai, sababbin majami'u masu lasifika da wa'azin rediyo irin na Nijeriya, matasa marasa aikin yi, da 'yan siyasa masu neman abin hawa. Wutar 2000 da ta 2015 dimokuraɗiyya ta gan su, amma itacen tun zamanin shiru aka tara shi.

Wannan magana ba ta tarihi ba ce kawai. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka sake karɓar mulki ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tiani. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa masu riƙo. A Fabrairu 2025 aka umarci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta bar ƙasar, a watan Maris na shekarar kuma aka rushe jam'iyyun siyasa, aka ba shugaban wa'adin shekara 5. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, ba kuma su nake son tattaunawa a yau ba. Abin da nake nunawa shi ne, duk lokacin da aka rufe irin waɗannan ƙofofi, wuraren da suka rage wa talaka ya taru ya yi shawara su ne masallaci, da majami'a, da kwamitin ƙauye. Nauyin da ke kansu ya ƙaru ke nan. Inuwar bindiga kuma ba ta kai ko'ina: a watan Maris 2025 an kashe masallata 44 a masallacin Fambita cikin jihar Tillaberi, gundumar Gidan Rumji kuwa tun 2019 ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda 'yan bindiga suka koro ba tare da sun tambaye su addininsu ba.

Saboda haka ina da magana ga ɓangarori biyu. Ga shugabannin majami'u, ba wanda ke da ikon tura ku gaban bindiga, ni ma ban tura kaina ba. Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin tawaye da yin gum. Kun san halin da manomi ke ciki fiye da jami'an da ke ofis, kun san farashin tiyar gero, kun san wanda aka kama ba a kai shi gaban alƙali ba. Idan kuka faɗi wannan tare da limaman garuruwanku, da murya ɗaya, zai yi wuya a ce wa ɗayanku ɗan koren Nasara. Idan kuwa kuka zaɓi yabon duk wanda ya hau don a bar ku ku yi sujada lafiya, to ku sani ranar da ya sauka, masu jin haushinsa a kanku za su fara hucewa, kamar yadda haushin tafiyar Isufu zuwa macin Paris ya sauka a kan majami'u a 2015.

Ga mu masu rinjaye kuwa, abin kunya ne a ce maƙwabcinmu, wanda muka sha nono ɗaya da kakansa, ya fi amincewa da sojan da bai san sunansa ba a kan mu da muke gaisawa kowace safiya. A tarzomar 2015 an samu Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu, Allah ya saka musu da alheri, amma wannan jarumtar mutum ɗaya ɗaya ce, ba tsari ba ne. Mutanen Ɗan Saga ba su jira gwamnati ta tsare musu kalgo da sabara ba, zama suka yi suka fitar da mutane, suka ce ga dokarmu, ga masu tsaro, ga tarar wanda ya karya.

Idan Allah ya kai mu sadakar arba'in zan koma ƙauyen nan. Tambayar da zan tafi da ita ta liman ce da mai gari, a gaban dattijon: ranar da wasu samari suka taso daga birni da galan ɗin fetur, su wane ne, da sunayensu, za su tsaya a ƙofar wancan ɗan ɗakin sujada mai rufin kwano?